Mutum 21 a Takarda, 34 a Tabarma: Nazarin Wata Liyafar Dare a Unguwar Dosa

A gidan ƙanwata aka yi wannan liyafa, a Unguwar Dosa da ke Kaduna, wata Asabar a tsakiyar Disambar 2023. Zan kira ta Maman Ummi, mijinta kuma Abban Ummi, don a sakaya. An yi masa ƙarin girma a wurin aiki, ya ce yana so ya tara abokan aiki da 'yan uwa da aminai su ci tuwon dare a gidansa, a yi addu'a, a watse. Ba ɗakin taro za a kama ba, ba masu girkin haya za a ɗauko ba. Ni aka kira in taya, domin a danginmu ni ake wa kallon wadda ta san kan tukunyar taro. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne, bayan an watse miji da mata sun kwana biyu suna ja-in-ja a kan abin da ya ɓaci, kuma a ganina babu wanda ya dafa inda ciwon yake a cikinsu.

Gidan haya ne, ɗaki 3 da falo, da baranda, da tsakar gida shafe da siminti wanda zai ɗauki mota biyu. Kicin ɗin idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ta karkata. Saboda haka tun farko muka yanke cewa manyan tukwane a bayan gida za a ɗora su, a kan murhun gawayi, a bar gas ɗin ciki don miya da ɗumame. Maza a tsakar gida, mata a falo. Wannan bai jawo musu ba.

Abban Ummi ya rubuto sunaye: abokan aiki 8, aminai 5, dangi 8, wato Hajiya mahaifiyarsa, da Goggo, da Baffa, da babban wansu da ke Abuja, da ƙannensa biyu da matansu. Jimla 21. Na dubi takardar na ce wa ƙanwata mu yi girkin mutum 45. Ta zaro ido. Lokacin kusan wata bakwai ke nan da cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, komai a kasuwa ya yi tashin gwauron zabo, duk mudun da za ka ƙara sai ka ji shi a jikinka. Na ce da ita, takardar nan ba ta san direba ba, ba ta san maigadin layi ba, ba ta san maƙwabta huɗu da ƙamshi zai shiga gidajensu ba, balle almajiran da za su tsaya a bakin ƙofa. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa. Kwanon maƙwabta ba ragowa ba ne, da shi ake fara lissafi.

Cefane kashi uku muka yi shi. Ranar Talata, ranar da kasuwar Kawo ke ci, muka sayo kaji 8 na gida da kabewa da gyaɗa da aya. Daga Unguwar Dosa babu nisa. Ranar Juma'a da safe muka je Bakin Dogo don tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, kuma Disamba lokacinsu ne, kayan lambu sun fara shigowa. Nama da kayan ciki sai Asabar da sassafe, daga Zangon Tudun Wada, ƙanin maigidan ya je da kansa. Shinkafa mudu 4 don dafa-duka, mudu 2 na shinkafar tuwo don masa, wani mudu ɗaya da rabi don tuwon manya. Babbar tukunyar dalma, irin wadda ake ƙerawa a Fanteka, daga gidana na taho da ita. Sai miyar taushe, da farfesun kayan ciki, da soyayyun kaji, da zoɓo da kunun aya. Kowace kaza aka yanka ta gida 8, tsoka 64 ke nan. Ku riƙe wannan adadi.

Wuri ɗaya muka saɓa da maigidan, shi ne yadda za a raba. Shi yana so a jera kuloli a kan teburi a baranda, a ajiye faranti da cokula, kowa ya zo ya zuba da kansa irin na otal. Ya ce haka abokan aikinsa suka saba, kuma ya fi tsari. Ni na so a zuba a tire-tire, mutum huɗu ko biyar su kewaye guda. Ya ce, "Yaya, wannan ai na zamanin da ne." Gidansa ne, taronsa ne, na yi shiru. Sharaɗi ɗaya na kafa, cewa ƙaninsa na biyu zai tsaya a kan teburin, shi zai riƙa sa wa mutane nama. Ya amince.

Abin da ban tambaya ba, kuma da shi ya kamata in fara, shi ne: ƙarfe nawa ka ce wa mutane su zo?

Sai bayan komai ya wuce, da na karɓi wayarsa na duba, na ga gayyata iri uku ya yi. A zauren WhatsApp na ofishinsu ya rubuta ƙarfe 7 na dare. Ƙannensa ya ce musu bayan Magariba. Aminansa da Baffa kuwa a waya ya ce musu "ku zo mu ci tuwon dare," kuma duk Bahaushe ya san tuwon dare na taro bayan Isha'i ne, musamman ga dattijon da ba ya barin jam'in masallacin unguwarsu. A zuciyar Abban Ummi duk abu ɗaya yake nufi. Amma a Kaduna a watan Disamba ana kiran Magariba da ƙarfe 6 da 'yan mintuna, Isha'i kuma wajen 7 da kusan rabi. Ƙarfe 7 ta faɗa a tsakiyar salloli biyu, a wani ɗan tsukin da bai isa a zauna a ci a tashi ba. Wanda ke bin agogo zai zo 7. Wanda ke bin ladan zai zo ko kafin nan ko bayan 8. Ba taro ɗaya ya kira ba, uku ya kira, ya tanadar musu teburi ɗaya.

Ranar ta fara lafiya. Hajiya da Goggo sun iso tun bayan Azahar. Hajiya ta zauna a ɗaki da jikoki, Goggo kuwa ta ɗaura zane a kan rigarta ta fito bayan gida, ta karɓi muciya ba tare da ta tambayi kowa ba. Miyar taushe ita ta haɗa ta: kabewa ta nuna har ta narke, aka zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da daddawa, yakuwa kaɗan don tsami, alayyahu a ƙarshe don kada ya mutu. Ƙarfe 5 dafa-duka ta tsotse, an juye a kuloli. An soya kaji.

Masa ce ta ba ni kunya, kuma laifina ne. Na jiƙa shinkafar tun daren Juma'a, amma ban aika niƙa ba sai wajen ƙarfe 12, na sa yis na rufe na ajiye a kicin kamar yadda nake yi da bazara. Na manta hunturu ake. Da zafi ƙullin masa awa uku zuwa huɗu ya ishe shi ya kumburo. Da sanyi yis barci yake yi. Ƙarfe 4 na buɗe na tarar da shi kwance kamar yadda na bar shi, ko ƙwayar kumfa babu. Muka naɗe robar da bargo muka kai ta gindin murhu. Bai tashi ba sai gab da Magariba. Na sa ɗan ruwan kanwa da sukari da albasa, na ɗora tanda. Tandar gurbi 12 gare ta, kowane zubi sai ya ci minti biyar zuwa shida kafin a juya a kwashe, ga ƙullin mudu biyu. Duk wadda ta taɓa suyar masa ta san ba a barin tanda a je a dawo. Daga ƙarfe 6 da rabi har 8 saura ina durƙushe a bayan gida, hayaƙi na shiga idona. Wato a daidai lokacin da ake buƙatar idona a baranda, ni ina can ina juya masa da tsinke.

Sai kuma waya ta shigo. Babban wansu ya taso daga Abuja a jirgin ƙasa na yamma, yana so a ɗauko shi a tashar Rigasa. Tun da aka buɗe layin dogon nan a 2016 mutanenmu na Abuja suka mayar da zuwa Kaduna kamar shiga unguwa, amma tashar tana can ƙarshen gari ta yamma, kuma daga Unguwar Dosa zuwa can da dawowa, da cunkoson yamma, ba ƙaramar tafiya ba ce. Wa za a aika? Wanda ke da mota a kusa, wato ƙanin nan da aka ɗora a kan nama. Ya ɗauki makulli ya fita. Babu wanda ya gaya mini, babu kuma wanda aka sa a madadinsa.

Ƙarfe 7 daidai abokan aiki suka fara sallama. Su 11 ne maimakon 8: biyu sun zo da matansu, ɗaya da ƙaninsa. Wasunsu daga ƙetaren kogi suke, Barnawa da Narayi, suna so su ci su kama hanya da wuri. Ba su yi laifin komai ba. An ce musu 7, sun zo 7, kuma su kaɗai ne a daren nan suka cika alƙawari yadda aka rubuta shi. Abban Ummi ya ga ba zai zaunar da ogansa yana kallon kuloli a rufe ba, ya ce bisimilla. Aka buɗe.

Abin da ke faruwa idan aka bar tiren kaza babu mai tsaro ba zari ba ne. Mutum ya tarar da tire a cike, bai san mutum nawa ke tafe ba, maigida kuma na tsaye a kansa yana cewa "ƙara mana, Yallaɓai, ai akwai." Ya ɗauki uku, a tura masa ta huɗu. Ga yaran ƙanne su biyar suna zagaye teburin, kowa ya wuce ya miƙa musu cinya. Cikin minti 40 tiren ya koma tsoka 9, yawancinsu wuya da fiffike.

Su kuwa matan ƙanne suna falo ba su ci komai ba. Teburin yana baranda, a idon maza baƙi, ga surukarsu Hajiya a ɗaki ba a kai mata nata ba tukuna. Wace ce za ta fito da faranti ta tsaya tana zaɓar nama? Tsarin kowa-ya-zuba an gina shi ne a kan cewa babu mai jin nauyin kowa. A gidan Bahaushe kuwa rabin mutanen da ke wurin kunyar sauran rabin suke ji, kuma mai kunya shi ke tashi da yunwa.

Ana cikin haka aka kira Isha'i, aka kuma ɗauke wuta kusan a tare. Janareta ya tashi, wannan bai ɗauki lokaci ba. Alwala ce ta ɗauka: buta biyu ce a gidan, ruwan kuma kamar ƙanƙara, sannan tabarmin da za a yi salla a kai su ne aka baje faranti a kansu. Wani daga cikin abokan aikin ya yi dariya ya ce ai hadisi ya ce idan an kawo abincin dare aka kuma tada salla a fara da abinci. Gaskiya ya faɗa, yana cikin Buhari da Muslim. Sai dai masu ci sun ci gaba da ci, masu salla suka naɗe gefen tabarma suka yi sahu, taron ya rabu biyu, addu'ar da aka tara mutane dominta ba a yi ta ba. Kafin 8 da kwata mutanen ofis sun yi sallama.

Suna fita aminai suna shigowa, su 7. Bayansu Baffa, daga Tudun Wada, da mutum uku da suka rako shi daga masallaci. Sai ga motar Rigasa da babban wa. Nan ne ƙanwata ta zo bayan gida ta same ni, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, kaza ta ƙare. Baffa ya zauna, kuma wallahi ban san me zan sa masa a gaba ba."

Kafin in buɗe baki Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayenki. Shiga ɗakin Hajiya ki duba ƙarƙashin gado."

Ashe tun da aka sauke suya, kafin a kai tire baranda, Goggo ta tsame tsoka 16 masu kyau, ƙirji da cinyoyi, ta zuba a ƙaramar kula, ta ɗebi farfesu a wata, ta tura su ƙarƙashin gado ta ja zanen gado ta rufe. Ba ta gaya wa kowa ba, domin a cewarta abin da mutum biyu suka sani maigida ma ya sani, kuma maigida ba ya iya hana baƙo. Tiren da aka kai baranda tun farko tsoka 48 ne, ba 64 ba.

Daga nan muka watsar da tsarin otal. Aka ɗauko manyan tire biyu. Na Baffa da mutanensa da babban wa: malmalar tuwo, miyar taushe a kwano, masa mai zafi da na gama kwashewa yanzu, tsoka 8, aka kai musu har inda suke zaune tare da ruwan wanke hannu mai ɗumi. Baffa dama ba zai taɓa tashi ya bi layi da faranti ba, ko da kaji ɗari ne a teburin. Hajiya da Goggo da matan ƙanne aka kai musu sauran 8 a ɗaki. Aminai suka samu dafa-duka da masa da farfesu da wuyan nan da fiffike. Su na gida ne, suka yi ta tsokanar Abban Ummi cewa ƙarin girman bai kai kan kaza ba. Baffa ya ci masa ya yi shiru, ya ƙara, har babban wa ya ce Baffa a yi hankali da santi. Baffa ne ya yi addu'ar, wajen ƙarfe 9, babu ko ɗaya daga cikin mutanen ofishin da aka yi ƙarin girman a cikinsu.

Washegari rigima ta tashi. Shi ya ce abinci ne bai isa ba, an kunyata shi gaban aminansa. Ita ta ce shi ya tara gayyar soɗi, an ce 21 ga 34.

Maganarsa ba ta tsaya ba, domin na ƙirga abin da ya saura. Bayan mutum 34 sun ci, an kai kwano gida huɗu, an sallami direbobi uku da maigadi, an zuba wa almajirai, an ba yaran da suka taya wanke-wanke, sai da aka kwana da kula guda cike da dafa-duka da masa fiye da 20. Tsoka 64 a kan mutum 34 kuwa kusan bibbiyu ne. Da an raba da hannu ɗaya, da kowa ya samu. Abinci ya isa. Abin da bai isa ba shi ne mai riƙe ludayi.

Maganarta ita ma ban karɓe ta duka ba. Mutum 13 da suka ƙaru, biyar yara ne na gida, biyu matan aure ne da suka biyo mazajensu, uku 'yan rakiyar dattijo ne, sauran ukun kuma ƙanin wani abokin aiki ne da aminai biyu. Wa ya taɓa ganin Baffa ya je taro shi kaɗai da dare? Wannan ba sabon abu ba ne. A Buhari da Muslim akwai labarin Abu Shu'aibu, mutumin Madina da ya sa aka yi girkin mutum biyar ya gayyaci Annabi (SAW), wani ya biyo su. Da suka isa ƙofa Annabi ya sanar da maigidan cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma, maigidan ya ce ya shigo. Ladabin mai rakiya ke nan, a nemar masa izini. Amma a Kaduna ban taɓa ganin maigidan da ya ce a koma ba, don haka mai girki ita za ta sa su a lissafi tun a kasuwa. Mun kuwa sa su. Ba su suka kawo matsala ba.

Da na jera abin a gabansu, sanadi uku na gani, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne gayyata da agogo uku. Da ya ce wa kowa bayan sallar Isha'i, ƙarfe 8, da mutanen Barnawa sun san da haka sun shirya, ko su ba da uzuri. Da Baffa da oga sun zauna a tabarma ɗaya, an yi addu'a gaban kowa. In kuma dare ake gudu, a mayar da shi bayan La'asar a tashi kafin Magariba. Tsakanin Magariba da Isha'i dai ba lokacin tara mutane ba ne, sai in da azumi. Na biyu shi ne teburin da aka bari babu mai shi. Ban ce tsarin kowa-ya-zuba haramun ba ne. Shinkafa da miya da zoɓo a bar kowa ya ɗiba, ba sa ƙarewa da wuri. Nama ne ba a sakin sa, kuma wanda aka ɗora a kansa ba a aikensa ko'ina, ko da jirgin sama ne ya sauka. Manya da surukai kuwa a kai musu nasu inda suke, a kuma fitar da shi tun kafin a buɗe wa kowa. Abin da Goggo ta yi a ɓoye shi ya kamata ya zama tsarin tun farko.

Na ukun nawa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na bar ƙulli sai ranar, a cikin hunturu, na kuma zaɓi abincin da ke ɗaure mai yin sa a gindin wuta har baƙi su zo. Da sinasir ne ma haka zai yi. Wadda ke jan ragamar girki ya kamata a ce hannunta ya fita daga tukunya awa guda kafin sallamar farko, ta yi wanka, ta tsaya inda take ganin ƙofa da teburi. Da ina baranda lokacin da makullin mota ya fita, da na sa wani a wurin.

Abban Ummi bai ce na yi gaskiya ba, ya dai ce, "To, Yaya, an ji." Ranar Litinin ya sa aka soya kaji biyu aka yi dambun nama ya kai wa aminansa, wai fansar wuya da fiffike.

Da azumin 2024, cikin watan Maris, suka sake tara mutane buɗa-baki a gidan, mutum 26. Wannan karon babu wanda aka gaya wa lokaci, ladan ya gaya wa kowa. An aro buta shida daga maƙwabta, an ware tabarmar salla daban. Masa a wurin mai tuya ta bakin layi aka yi odar ta, aka kawo da La'asar sakaliya a kula. Goggo aka ɗora a kan nama a fili, da kujerarta da cokalinta, yara na zuwa tana korar su. Duk da haka sai da ta tura wata ƙaramar kula ƙarƙashin gadon. Ba a buƙace ta ba, da ita aka yi sahur.